Inda Aka Gina Ɗakin Inna

Shekarar da gulbi ya ci ƙauyenmu ina koyar da lissafi a wata sakandare a Bagudo. Ƙauyen yana bakin gulbin Kwara, tsakanin Bagudo da iyakar Benin, kuma duk damina ruwa kan hau har cikin gonakin shinkafa, ya yi kwanakinsa ya koma. Wannan karon bai tsaya a gonaki ba. Ya shiga gari, aka kwashe mutane a jiragen masunta zuwa firamaren da ke bakin titi, suka yi makonni suna kwana a ajujuwa. Da ruwan ya janye, gidanmu ya zama tarin laka da azara a kwance, har da ɗakin Inna, mahaifiyarmu, wanda ta zauna a ciki tun tana amarya.

Ban ga ambaliyar da idona ba, sai bayanta na zo. Yayana ne ke zaune da Inna yana noma, kuma shi ne ɗanta na fari. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi. Inna ta riƙe wannan alkunya da ƙarfi fiye da kowa. "Wancan" take ce masa, in kuma yana wurin sai ta faɗa wa wani saƙon, ko da kuwa jariri ne a goye, shi kuma ya ji ya aikata. To ranar da ruwa ya kai ƙugu a tsakar gida, gwiwoyinta ba su iya kai ta bakin jirgi, babu kuma mai iya ɗaukarta sai shi. Ya goya ta a bayansa a gaban jama'a har ya sa ta cikin jirgin.

Da na same ta a firamaren ban ji ta ambaci buhunan da suka jiƙe ba, ko akuyarta da ruwa ya tafi da ita. Bayan mun gaisa ta dubi gefe ta ce, "Duk inda za ku gina mani ɗaki ku gina. Amma ba a ƙara goya ni." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Wuri biyu muke da shi. Na farko gonar geron mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, a kan jigawa kusa da titi. Nan ruwa bai je ba, kowa shaida ne, tunda firamaren da aka fake tana jikinta. Aibinta nisa, don daga nan zuwa cikin ƙauye tafiya ce mai kyau ga mai lafiyar ƙafa, ga yashi. Na biyu wani fili ne namu a cikin ƙauyen, wanda kowa ke kira Tudu. Shi Inna take so, ko da ba ta faɗa ba, saboda yana jikin dangar ƙawarta.

Wannan ƙawa 'yar gidan masunta ce. Kusan lokaci ɗaya aka kawo su ƙauyen aure ita da Inna, duk baƙi, kuma mazajensu sun rasu ba da nisa da juna ba. Tun ina yaro, da an yi la'asar za ka same su tabarma ɗaya, ita tana juya kifi a kan banda, Inna tana ɓarar gyaɗa ko tsince shinkafa. Ba wata hira mai tsawo suke yi ba. Sai su kai magariba a zaune maganar da ta shiga tsakaninsu ba ta fi a ƙirga ba, rabinta ma tsiya ce. Gidanta na zana ne da itace. Ruwa ya kwashe shi kaf, 'ya'yanta suka sake kafa wani cikin mako guda, kamar yadda masunta suka saba.

Yaya ya riga ya yanke cewa a Tudu za a gina, har ya kira magini daga tsallaken iyaka, don mutanenmu sun yarda maginan can sun fi miƙe bango. Hujjarsa biyu ce. Sunan wurin Tudu, kuma wani masunci ya ce ya wuce ta wurin a jirgi lokacin da ruwa ya fi cika, ya hangi saman filin a bushe.

Ni dai na tsaya na dubi filin, na ga lalle ido yana cewa tudu ne. Amma a gindinsa akwai kududdufin da garin ke haƙar ƙasar tubali tun kafin a haife mu, kuma duk abin da ke bakin rami dole ya yi kama da tudu. Na nemi masuncin na tambaye shi me ya gani. Ya ce wani abu ja-ja ne ya fito saman ruwa. Na tambaye shi ƙasa ce ko kuwa tarin karan dawar da Yaya ya jibge a wurin. Ya ce shi dai bai tsaya dubawa ba, yana ta kansa da na iyalinsa. Lokacin da ruwan ya kai ƙarshen cikarsa babu kowa a garin, saboda haka babu mai cewa ya taka Tudu da ƙafarsa ya ji shi a bushe.

Na gaya wa Yaya ina so a auna kafin a zuba kuɗi a ƙasa.

Ya ce, "Kai malam, wurin ga tun kakanninmu anka sa mai suna Tudu. Ido ba mudu ba, amma ya san kima."

Na ce, "Ya sani, Yaya. Shi ya sa masu awo a kasuwa ba su yarda a saya da shi."

Ina da wannan hali na rashin bari a gama magana ban sa baki ba, kuma Yaya ya daɗe da saninsa. Ya ce in auna, in ma sararin sama nake so in auna ga shi nan.

Abin awon a jakar maginin na gan shi. Dogon tiyo ne siriri, gani-har-hanji, wanda yake cikawa da ruwa don daidaita kusurwoyin gini. Hikimar ba ta da wuya. Ruwan da ke cikin tiyo, duk yadda ka lanƙwasa shi, in ka ɗaga bakinsa biyu sama zai tsaya a tsayi ɗaya a nan da can, kamar yadda ruwan cikin butar shayi yake daidai da na hancinta. A garin kuma gini ɗaya ne ya tsira, masallacin da aka yi da bulo da siminti, kuma ambaliyar ta bar masa layin laka a bango, daidai inda ta tsaya. In na ɗauki tsayin wannan layi da tiyon na kai shi Tudu, zan ga ko ya faɗi a ƙarƙashin ƙasar wurin ko a samanta.

Maginin ya ba ni aro yana dariya. Da Hausarsa mai gauraye da Dandanci, yaren garinsu, ya ce shi ɗaki yake aunawa, bai taɓa ganin wanda ya auna gari ba. Ya dai gargaɗe ni in fitar da duk kumfar iska kafin in fara, don ita ce ke ɓata awo. Na jiƙa zoɓo na zuba a ruwan ya yi ja, saboda idon tsofaffi ya gani daga nesa.

Tiyon bai kai daga masallaci zuwa Tudu ba, don haka sai da zango-zango. Na riƙe baki ɗaya a jikin layin lakar, Yaya ya ja ɗayan har inda ya ƙare, muka kafa turke, muka jira ruwan ya daina rawa, muka yi zane da gawayi inda ya tsaya. Daga wannan zane muka sake ja zuwa turke na gaba. Mutane suka fito kallo. Wani ya ce malaman boko sun fara yi wa ƙasa ƙarin ruwa kamar a asibiti. Wani dattijo ya zargi Yaya da sauke hannu da gangan, sai na sa shi ya riƙe da kansa, ya ɗaga ya sauke, ya ga tiyon ne ke motsi amma ruwan yana komawa inda yake. Ya miƙa wa Yaya ya ce abin ga da taurin kai yake.

An kawo Inna a bayan babur ta zauna a ƙofar ƙawarta, inda suke ganin Tudu sosai. Turke na ƙarshe a tsakiyar filin muka kafa shi, daidai inda Yaya ya zana ɗakinta da toka. Ruwan ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, sannan ya tsaya. Na yi zanen, na tsaya a jikin turken don kowa ya gani. Ya wuce gwiwata da taƙi ɗaya.

Daga nan Yaya ya ce an yi kuskure a hanya, zango ya yi yawa, kowane zane yana iya ɗan kaucewa. Wannan magana ce mai kyau, na kuma gaya masa haka. Maganinta shi ne mu ɗauki zanen Tudu mu koma da shi masallaci ta wata hanya dabam, da sababbin turaku. In mun yi kuskure, ba za mu faɗa kan layin da muka baro ba. Muka bi ta bayan rumbuna, rana tana dukanmu, har muka iso bangon. Ruwan ya tsaya ƙasa da layin lakar da kaurin yatsa ɗaya. Yaya ya duba, ya sake dubawa, ya ce to gani ya kori ji.

Amma bai sauka ba, ya dai canza hujja. Da yamma muna zaune a ƙofar ƙawar Inna ya ce babban ruwa irin wannan ba kullum yake zuwa ba, kuma tunda ya zo bana, an huta da shi sai bayan shekaru masu yawa. Na tambayi tsofaffin sau nawa suka ga irinsa. Inna ta ce wa ƙawarta, don Yaya yana wurin, ta san ɗaya tana amarya, ɗaya tana da cikina, sai wannan. Ƙawar ta ce akwai wani da Inna ba ta gani ba, lokacin tana gidan iyayenta wankan jego. Na jera su a kaina, na ga biyu sun zo kusa da juna, sauran kuma da tazara mai tsawo. Babu wani tsari a ciki.

Na ce wa Yaya gulbi ba adashi ba ne, da za a ce wanda ya ɗauka bana sai zagaye ya dawo kansa. Ruwan da ke cika Kwara a ƙasashen sama yake sauka, kuma damina mai zuwa ba ta san abin da ta bana ta yi mana ba. Yiwuwar ya zo baɗi daidai take da yiwuwar da yake da ita kafin ya zo bana, ba ta ragu ba don mun sha wuya.

Ya ce, "To yaushe za shi dawo?"

Na ce ban sani ba. Yana iya zama baɗi, yana iya zama bayan babu ɗayanmu.

Ya yi dariya ya ce, "To mi karatun ga naka ya amfana muna?"

Na ce ya nuna mana inda ruwan zai tsaya in ya zo, ranar zuwansa kuwa Allah kaɗai Ya sani.

Maginin ya kawo shawara a cika filin da ƙasa a ɗaga tushe har ya wuce zanen, a yi jeri na ƙasa da bulo. Yaya ya karɓa nan take. Na yarda ɗakin zai tsaya. Amma na ce ranar da ruwan ya zo, ɗakin zai zama tsibiri, ba murhu, ba banɗaki, ba rijiya, kuma dole a sake fitar da mai ɗakin zuwa jirgi, jirgi kuma ba ya zuwa har bakin gado. Gaskiya ce na faɗa, kuma na san wa za ta fi taɓawa.

Washegari Inna ta aika a kira ni, na same ta tana ɗaure 'yan kwanukanta da suka tsira. Ta ce in gaya wa wancan a gina a gona.

Da ƙawarta ta ji, sai ta taso har firamaren da sandarta.

Ta ce, "Ashe tsohuwa tsoron ruwa taka yi? Ruwa ai baƙo na, shi zo shi tahi."

Inna ta ce, "Ke kihi ta, ni ko ba kihi ba ta."

"To tahi jigawa ki zanna da kurciyoyi. Ni dai ba ni hawan yashin ga kullum don in ga hwuskarki."

"Wa yag gayyace ki?"

Suka zauna tabarma ɗaya har magariba, kamar yadda suka saba, babu wadda ta sake ɗaga maganar.

Aka yi gini a gona. Yaya ba zai bar Inna ita kaɗai ba, don haka ya kwaso iyalinsa ya gina nasa ɗakunan a gefen nata, yana mita yana aza tubali. Ɗakin Inna ya yi kyau, bangonsa a miƙe, ga inuwar ɗorawa a ƙofa, ga rijiyar firamare kusa. Jikoki suna shiga suna fita. Duk abin da za a iya lissafawa ya fi na da.

A shekarar farko ƙawar takan zo duk ranar kasuwa, duk da abin da ta faɗa, da kifin banda a ƙunshe cikin takardar siminti. A ta biyu ta fara tsallake mako, don yashin ya fi ƙarfinta, babur kuma yana tayar mata da ciwon baya. Inna kuwa gwiwoyin sun ƙara lalacewa, sai da babban dalili ake ɗora ta a babur. Suka koma aiken kwano ta hannun yaran da ke zuwa makaranta, tuwo ya sauka, kifi ya hau. Na saya musu waya kowacce ɗaya. A ƙauyen layin yakan tsallaka ya kama na Benin ya cinye kati, amma ba wannan ne ya kashe abin ba. In aka haɗa su sai su gaisa da ƙarfi, su tambayi gajiya da jikoki, sannan su yi shiru kowacce da waya a kunne. Zama suka iya yi tare, zama kuwa ba ya yiwuwa a waya. Bayan 'yan watanni Inna ta ba matar Yaya tata.

Ruwan bai zo ba. Damina ta bi damina yana tsayawa a gonakin shinkafa kamar da. Wani ɗan'uwanmu ya roƙi aron Tudu ya gina ɗakin laka, yana nan a bushe da matarsa da 'ya'yansa. Duk kaka in na je gida Yaya kan tare ni da cewa, "Malam, ruwanka bana ma bai samu zuwa ba." Ni kuma in ce masa ba alkawari muka yi da shi ba.

Har yau ban canza ra'ayi ba. Ana auna shawara ne da abin da aka sani ranar da aka yanke ta, ba da abin da ya faru daga baya ba. Wanda ya tsallaka gulbi a jirgi mai yoyo ya isa lafiya sa'a ya yi, ba dabara ba. Na sha faɗa wa ɗalibaina haka, kuma da misalin Tudu nake faɗa musu. Sai dai sanin cewa lissafi daidai ne bai hana ni jin ciwo ba duk lokacin da na iso da la'asar na tarar da Inna a gindin ɗorawa tana ɓarar gyaɗa, rabin tabarmar ba kowa.

Ƙawar ta rasu da rani, a shekara ta huɗu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ba wanda ya ɗauka zai kai haka, don haka ba a aiko ba sai da ta cika. Na zo daga Bagudo na ɗauki Inna a babur muka sauka gaisuwa, ina tafiya a hankali saboda yashi. Ta zauna cikin mata har yamma. Ban ga ta yi kuka ba, amma matar Yaya ta ce mini ba ta taɓa abincin da aka kawo mata ba.

Da muka dawo na taimaka mata ta sauka, ta zauna a ƙofar ɗakinta tana murza gwiwa. Ina shirin tafiya masallaci ta kira ni.

"Malam."

"Na'am, Inna."

"Da za a sake awon ga yau, mi za shi nuna?"

Na ce abin da ya nuna rannan.

"Kai kuma mi za ka ce?"

Na ce abin da na faɗa rannan shi zan faɗa.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ni ma nan zan taho. Ba ni da-na-sani ga wannan." Ta dubi gonar, sannan ta ce, "Sai dai da ɗaki biyu nac ce a gina."

Fili dai akwai shi har ya yi yawa, kuma duk tsawon gardamar da muka yi, ni da Yaya da magini, babu wanda ya tambayi ƙawarta ko za ta zo.